Makullin Tsohuwa

Shafi na 17

Masu yi min tuni a akwatin saƙo, duk na gani, ku yi min afuwa. Ƙaramina ne ya yi zazzaɓin haƙori, hannuna bai samu sarari ba. Ke kuma da kika ce in sassauta wa Maman Ɗigo, wallahi da da yadda zan yi, da na yi. Ga ta nan, ku ji daga bakinta.

*

Ledar jinin ta kai rabi lokacin da Yaya ya shigo.

Ɗigo na kwance a gadon jikin taga, wanda duk wata ake ajiye mata a ƙaramin asibitin Hukumar Sararin Samaniya, inda babanta yake aiki. Hannu ɗaya da allura, ɗayan ta ƙanƙame ƴar tsanar da na ɗinka mata da ragowar ƙyallayen kekena. Shekararta biyar, kuma da ciwon sikila aka haife ta. In ba a ƙara mata jini a kan kari ba, mu kaɗai muka san abin da muke gani.

"Kawu Akanta!" ta ce, har tana neman tashi.

"Kwanta, uwar surutu. Yau ma kin zo kin shanye musu jini?"

"Ba sha nake ba, ta hannu yake shiga. Kai ba ka san komai ba."

"Ai kuwa. Shi ya sa hukumar nan ta ajiye ni a ofishin kuɗi."

Ya yi dariya, amma dariyar iyakarta leɓe. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi, na san fuskarsa in akwai magana a ciki. Ya ɗaga min gira, na bi shi baranda.

"Auta," ya ce, "mijinki ya gaya miki abin da zai yi gobe?"

"Aiki zai je. Na goge masa riga."

"Bai gaya miki ba ke nan."



"Yaya, kar ka ja min rai. Mene ne?"

"Tsohuwa ce. Gobe da safe za su binne ta."

Tsohuwa ita ce tauraron ɗan'adam ɗaya tilo da ƙasarmu ta mallaka. Haka ma'aikata suke kiranta, don ta jima a sama, ta wuce shekarun da aka ɗiba mata. Baban Ɗigo a ɗakin sarrafa ta yake. Ko sunan ƴarmu daga can ya samo shi: ranar da aka haife ta ƴar mitsitsiya, ya leƙa zani ya ce ai ga ɗigon da yake wuni yana kallo a allo.

"Binnewa kamar yaya? Ƙarfe ne fa."

"Man da ke cikinta ya zo ƙarshe. Wanda ya rage, ɗayan biyu zai yi. Ko a ci gaba da riƙe ta a gurbinta na ƴan watanni har ta mutu a nan, ko a tura ta can sama yanzu, inda ake kai waɗanda suka gama aiki. Makabarta suke ce wa wurin. In ta hau, an kashe ta ke nan."

"To Allah ya ji ƙan Tsohuwa. Ni ina ruwana?"

Ya juya ya kalli ƙofar ɗakin da Ɗigo take. Ya daɗe yana kallo.

"Kin san da kuɗin wa ake sayen ledar can?"

"Na gwamnati mana."

"Gwamnati ba ta san da asibitin nan ba, Auta."

Na tsaya ina kallonsa kamar ya canja harshe.

"Lokacin da aka kafa hukumar nan," ya ce, yana rage murya, "rassa uku aka amince da su. Masu bincike, masu gina sabon tauraro, da masu kula da Tsohuwa. Na bincike, albashi kawai ake ba su, ko takardar rubutu da kuɗinsu suke saya. Na gini, tun ina sabon ɗauka ake cewa baɗi. Ƙofa ɗaya ce kuɗi ke shigowa ta cikinta ba fashi, ita ce ta kula da Tsohuwa, don kowa na tsoron a ce a zamaninsa ta faɗo. Da manyanmu na farko suka nemi asibiti aka hana su, sai suka cusa shi ƙarƙashin wannan ƙofar. Likita, nas, firjin jini, gidajen kwatas, motar ma'aikata, duk a sunan kula da Tsohuwa ake biya. A wurin ma'aikatar kuɗi, ƴarki ma wani sashe ce na tauraro."

"To in an binne ta fa?"

"Wa zai ba da kuɗin kula da mamaci?"

 Na dafa bango.

"A ƙarshen wata ƙofar za ta rufe. Firjin can za a kashe shi."

"Darakta fa? Ba shi ne babba ba? Ya hana mana!"

"Ba zai iya hanawa a fili ba. Dokar hukuma ta ce in mai ya kai inda ya kai, magana ta bar hannun ofis ta koma hannun masu makulli. Makulli biyu ne, kuma sai an murɗa su tare Tsohuwa take karɓar babban umarni. Ɗaya na wuyan shugaban ɗakin sarrafawa. Shi ya riga ya yanke shawarar murɗawa, ritaya zai yi, ba abin da zai rasa."

Bai faɗi inda ɗayan yake ba. Ba sai ya faɗa ba. Kullum ina ganinsa rataye a wuyan mijina, a jikin baƙar igiya, ƙarƙashin singileti.

"Darakta na roƙon ƴan watanni ne kawai," in ji Yaya. "Majalisa za ta zauna kan kasafi. In Tsohuwa na numfashi ranar, yana da bakin cewa a ba mu sabuwa, a kuma mayar da asibitin kan sunansa. In ta mutu, da me zai shiga? Kuma akwai abu ɗaya. Gobe ce damar. In safiyar gobe ta wuce ba a murɗa ba, dole a ƙona mai a gyara mata zama, daga nan wanda ya rage ba zai kai ta sama ba. Magana ta ƙare da kanta."

Na ɗago na dube shi.

"Shi ya aiko ka wurina?"

Ya sunkuyar da kai.

"Yaya, Darakta ne ya aiko ka?"

"Shi ne. Amma ko bai aiko ni ba zan zo. Ni na ɗauki yayan Ɗigo a kafaɗata zuwa makwancinsa, ko kin manta?"

Daga ciki na ji muryarta: "Mama, ledar ta kusa ƙarewa!"

Na goge fuskata da gefen mayafi na koma.

*

Da la'asar sakaliya Baban Ɗigo ya dawo gida. Na ji tsayuwar motar ma'aikata, na ji yana wasa da yaran maƙwabta kamar kullum. Ɗigo ta yi barci, haka take yi duk ranar ƙarin jini. Na zuba masa abinci na zauna a gefen keken ɗinki.

"Maman Ɗigo, yau ba sannu da zuwa?"

"Sannu da zuwa."

"Wannan sannun ko maƙiyi sai haka. Jikin nata ne?"

"Jikinta lafiya. Yaushe ka so ka gaya min? Bayan an kashe firjin?"

Cokalin ya tsaya a hannunsa. Ya ajiye shi a hankali.

"Yayanki ya zo."

"Ya zo. Shi ya ga ina da haƙƙin in sani."

"Na so in gaya miki. Kullum in na buɗe baki sai in ga kina auna mata magani, sai in fasa."

"To yanzu ga ni, ba na auna komai. Gaskiya ne gobe za ka murɗa?"

"Gaskiya ne."

"Ka san abin da zai biyo baya?"

"Na fi kowa sani."

"Kuma za ka murɗa."

Ya matso da kujerarsa kusa da ni. Ya ɗauki zaren da ke kan keke ya miƙe shi a kan tebur, ya jera maɓallai a jikinsa.

"Dubi nan. Layi ɗaya ne a sama, kowace ƙasa da gurbinta, kamar rumfunan kasuwa. Tsohuwa ga ta nan. Wannan na maƙwabta ne, da shi suke ganin hadari kafin ya iso. Wannan da shi jiragen ruwa suke kiran taimako. In man ya ƙare tana nan, ba birki, ba sitiyari, ba ta jin kira. Za ta riƙa yawo a layin mutane har bayan ranmu. In ta daki wani, ɓaraguzan su daki wasu..."

Na sa hannu na share maɓallan. Suka watse a ƙasa.

"Kar ka koya min karatu. Ni ba ɗalibarka ba ce. Jiragen ruwan wa? Na san su? Sun san Ɗigo?"

"Akwai ƴaƴan wasu a ciki."

"In ta daka, ka ce. In. Wataƙila ta daka, wataƙila ba za ta daka ba. Amma firjin can babu wataƙila a cikinsa. Ka ɗora min wataƙila a kan tabbas?"

Ban jira amsarsa ba, na ƙara:

"Ƴan watanni kawai aka roƙe ka."

"Bara ma haka ya ce. Bara waccan ma haka. Duk shekara Darakta na shiga majalisa da Tsohuwa a hannu kamar mai bara da jariri, su tafa masa, su ce ai tunda tana aiki a ƙara haƙuri. Ranta ne ya hana a ba mu sabuwa. Mun yi ta ja, mun yi ta ja, har muka zo bango. Ranar da aka rataya min makullin nan, na ɗaga hannu na yi rantsuwa cewa ba zan bar ta ta mutu a hanya ba. Amana ce."

"Ita kuma waccan da ke kwance a ɗaki mece ce? Kaya ce?"

"Kar ki faɗi haka."

"Zan faɗa! Amanar ƙarfe ka sani. Wadda Allah ya damƙa maka da hannunsa fa?"

Idanunsa suka kaɗa. Tunda nake da shi sau ɗaya na taɓa ganinsu haka.

"Kina zaton zaune nake? Na je babban asibiti. Na buɗe mata kati. Na yi magana da wani likita, ya ce zai riƙa duba mana..."

"Babban asibiti."

Na ji muryata ta canja, kamar ba tawa ba.

"Wane benci ka zaɓa mata? Wanda yayanta ya mutu a kai, ko sun sake sabo?"

"Maman Ɗigo..."

"Tun hantsi muke zaune har rana ta faɗi. Ana cewa jini na hanya. Kai kana gudu daga wannan taga zuwa waccan da takarda a hannu, ni ina riƙe da shi yana ce min Mama ƙafata, Mama bayana. Har ya daina cewa komai. Na zaci barci ya yi, har ina godiya ga Allah ya samu sauƙi. Lokacin ba ka shiga ɗakin sarrafawa ba, ba mu da katin asibitin hukuma. Da aka ba ka makullin nan aka ba mu katin, ka tuna abin da ka ce min? Ka ce wannan ba za ta zauna a benci ba. Wannan ma rantsuwa ce. Ko don ba ka ɗaga hannu ba?"

Ya rufe fuskarsa da tafukansa. 

Na durƙusa a gabansa. Ban taɓa roƙonsa wani abu a durƙushe ba.

"Ban ce ka yi ƙarya ba. Ban ce ka saci komai ba. Ka kwanta gobe ka ce ba ka da lafiya. Safiya ɗaya. Ni zan kira su da bakina."

 Da ya ɗago, ya kama hannuwana biyu.

"In na kwanta gobe, duk ranar da aka ce wani abu ya faru a sama, zan san ni ne. In na je, duk ranar da ta yi kuka, zan san ni ne. Gaba kura, baya sayaki. Na yi ta roƙon Allah ya nuna min ta uku, ban gani ba."

"To ka zaɓi wanda za ka iya kallon fuskarsa."

"Na zaɓa," ya ce. "Ki yafe min."

Na zare hannuwana. Na tsince maɓallan ɗaya bayan ɗaya na mayar gwangwani. Abincin nan haka ya huce, ba wanda ya taɓa shi.

*

Wuri ɗaya ne makullin yake barin wuyansa: in zai yi wanka. Akwai ƙusa a jikin ƙofar banɗaki ta waje, a nan yake rataye shi, don an hana ruwa ya taɓa shi.

Gari ya waye. Na kai masa ruwan zafi kamar yadda na saba. Ya shiga. Na ji saukar ruwa.

Makullin na lilo a jikin ƙusa.

Wallahi ban kwana da niyyar ba. Tsintar kaina na yi a tsaye a gabansa, sai ga shi a tafin hannuna, da ɗumin jikinsa har lokacin. Ɗan ƙarfe ne da bai kai ɗan yatsana ba. A ce ran ƴata a jikin wannan yake.

Ina zan sa? Aljihu zai duba. Ƙarƙashin katifa zai ɗaga. Gwangwanin maɓallai nan zai fara.

Na shiga ɗaki. Ɗigo na barci, bakinta a buɗe, leɓenta ya yi ja saboda sabon jini. Na zare ƴar tsanar daga hammatarta a hankali. Na farke cikin da tsinin almakashi, na naɗe igiyar, na tura makullin can cikin auduga. Allura ba ta ɓata min ba, sana'ata ce. Kafin ruwan ya tsaya na ɗinke, na ciji zaren, na mayar mata.

Na koma na zauna a gaban keke kamar mai aiki.

Ya fito. Na ji tsayuwarsa a bakin ƙofar banɗaki. Na ji shirun.

Bai duba ƙasa ba. Bai ɗaga komai ba. Ya shiga ya sa rigar da na goge masa, ya ɓalla maɓallai har wuya, ya sa takalmi. Sannan ya zo ya tsaya a bayana.

"Maman Ɗigo."

Na ci gaba da taka keke, alhali ko zare babu a jikinsa.

"Ba zan bincike ki ba. Ban taɓa buɗe jakarki ba, ba zan fara yau ba."

"Ni ban ga komai ba."

"Ban tambaye ki ba, don kar ki yi min ƙarya. Ba halinki ba ne."

Ƙafata ta tsaya da kanta.

"Abu ɗaya zan gaya miki, don kar ki ce na sake ɓoye miki wani abu. In na je ba makulli, ba za a ce ba ni da lafiya ba. Za a ce na yar da amanar hukuma. Kora ce, a yau. Asibitin zai tsaya, ƴaƴan kowa za su ci gaba da zuwa. Katinmu ne za a karɓe."

Na juyo da sauri.

"Yaya bai ce min haka ba."

"Darakta bai ce masa ba. Shi Tsohuwa yake so ta kai masa ranar kasafi. Wanda aka taka a hanya ba damuwarsa ba ce."

"To ka kwanta! Ka ce zazzaɓi ne, kamar yadda na ce!"

"Ba zan kwanta ba. Da makulli ko babu, zan shiga motar nan."

Daga bakin layi motar ma'aikata ta danna ham.

Na rasa inda zan sa kaina. In na ba shi, firji ya mutu. In na hana, kati ya tafi. Duk hanyar da na kalla, bencin nan nake hangowa a ƙarshenta.

Sai labulen ɗaki ya motsa.

Ɗigo ce, tana murza ido, ƙafa ba takalmi, ƴar tsanar a rungume a ƙirjinta. Ta wuce ni ta tafi wurin babanta.

"Baba."

"Na'am, ɗigona. Kin tashi?"

"Ƴata ba ta da lafiya. Taɓa ka ji, akwai abu mai tauri a cikinta." Ta miƙa masa. "Ita ma irin ciwona ne? In za ka tafi ka biya da ita asibitinmu, a sa mata jini. Ka ce a ba ta gadon taga."

Ya karɓa. Na ga babban yatsansa ya danna cikin ƴar tsanar, ya tsaya a kan sabon ɗinkin.

Bai kalle ni nan da nan ba. Ya durƙusa ya sumbaci goshin Ɗigo, ya ce ta je ta sa takalmi, sanyin siminti ba ya yi mata kyau. Sai da ta shige ya miƙe.

Motar ta sake danna ham, wannan karon da tsawo.

Ya ɗauki almakashin da na bari a kan keke. Na zaci farkewa zai yi. Sai ya juya shi, ya kama tsinin, ya miƙo min mariƙin. Ya ajiye ƴar tsanar a cinyata.

"Ni ba zan yanka cikin ƴar tsanarta ba," ya ce. "Ke kika ɗinke. In za a farke, ke za ki farke."

Ya nufi ƙofa, ya tsaya a bakinta, ya ba ni baya.

Daga ɗaki Ɗigo ta ɗaga murya:

"Mama, za ta warke ko?"

Almakashin na hannuna.